Mu bakwai ne masu POS a layi ɗaya: gasar nan ciyar da mu take ko cinye mu?

Tambaya: Malam, barka da war haka. Shekara huɗu ke nan da na gama digiri a fannin akanta, na yi bautar ƙasa, na zaga da takardu har takalmina ya gaji. Daga baya yayana ya ba ni jari na buɗe POS a unguwarmu a Kano. Da na fara ni kaɗai ne a layin, yau mu bakwai ne. Ina karɓar naira 100 a kan dubu biyar, kamfanin da ya ba ni na'ura yana cire 25. A makaranta an koya mana cewa ɓangaren hidima ya fi rabin tattalin arzikin Najeriya, kuma gasa alheri ce. To ina ayyukan suke? In gasa alheri ce, me ya sa ni take cinye ni? Abokan sana'a sun ce mu haɗu mu tsayar da farashi ɗaya. Mece ce shawararka?

Amsa: Barka kadai, ƙanina, Allah ya sa wa nema albarka, ya kuma saka wa yayanka da alheri. Abin da aka koya maka a aji gaskiya ne, abin da kake gani a bakin layi shi ma gaskiya ne. Inda aka bar ka a duhu shi ne ba a gaya maka cewa gasar iri biyu ce ba, kuma kai ka faɗa cikin wadda ta fi zafi. Na yi shekaru ina aikin banki kafin na koma koyarwa da duba littattafan ƙananan 'yan kasuwa, saboda haka na ga abin daga sama, na kuma gan shi daga ƙasa.

Mu fara da kalmar hidima, don ita ce ta fara ruɗa ka. Idan masana suka ce hidima suna nufin duk aikin da ba noma ba, ba haƙar ma'adinai ba, ba ƙira a masana'anta ba, ba gini ba. Saye da sayarwa, sufuri, sadarwa, banki, koyarwa, asibiti, otal, aski, wanki da guga, fim, aikin gwamnati, duk suna ciki. Kwando ɗaya aka zuba injiniyan da ke kula da na'urorin kamfanin waya a Legas da ɗan garuwan da ke tura kura a Kurna. A watan Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake awon tattalin arziki, ta sauya shekarar da take gwaji da ita daga 1990 zuwa 2010. Dare ɗaya girmansa ya koma kusan dala biliyan 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu, aka kuma ga hidima ta kai wajen kashi 52 cikin ɗari. Sadarwa kaɗai, wadda tsohon awo ya ba ta ƙasa da kashi ɗaya, ta haura kashi takwas. Ba wanda aljihunsa ya ƙara nauyi a ranar, abin da yake nan tun da can ne aka ƙirga. Kuma wannan ma'auni kuɗi yake ƙirgawa, ba ya ƙirga kawuna. Kamfani ɗaya mai ma'aikata kaɗan zai iya fin masu shayin jiha guda nauyi a kansa.

Kawunan kuwa ga yadda suke. A ƙarshen 2020 hukumar ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3. A Agustan 2023 ta fito da sabon salon ƙirga, sai adadin ya koma 4.1 a watanni ukun farko na shekarar. Jama'a suka yi mata ca, da hujja, domin a sabon salon duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don neman kuɗi an sa shi cikin masu aiki. Amma a cikin rahotannin da suka biyo baya akwai lambar da ta fi wannan amfani, wadda mutane ba su tsaya sun duba ba: sama da kashi 90 na masu aiki suna yin aikin da ba takarda, ba fansho, ba hutu, kuma fiye da kashi 80 kansu suke yi wa aiki. Kai a littafin hukuma mai aiki ne, haka sauran shidan. Ayyukan da kake tambaya suna nan birjik, sai dai sirara ne, ba sa riƙe gida.

Yanzu gasa ta farko, wadda ake bugawa a sama. A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC, lokacin Ernest Ndukwe yana shugabanta, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285. Kafin nan layukan waya a faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, kusan duk a hannun NITEL, kamfanin waya na gwamnati, mutum ya nemi layi ya yi ta jira har ya manta ya nema. Econet da MTN suka fara aiki a Agustan shekarar. Layi kaɗai wajen naira dubu 20, minti ɗaya naira 50, kuma ko daƙiƙa biyar ka yi sai a cire maka na minti cur. Aka riƙa gaya mana cewa cajin daƙiƙa ba zai yiwu ba sai nan da shekaru. Da Globacom na Mike Adenuga ya shigo a Agustan 2003 da cajin daƙiƙa, cikin 'yan watanni sauran suka gano ashe yana yiwuwa. Wannan ita ce gasar da malamanka suka yaba, kuma sun yi daidai. Ita ta sa waya ta shiga hannun mai kayan miya da makiyayi.

To amma dubi ƙofar shiga wannan fage. Dala miliyan 285 kafin ka kafa ƙarfen sabis ko ɗaya. Shi ya sa bayan shekara ashirin da ɗoriya manyan 'yan wasan huɗu ne kawai. Econet ya yi ta sauya hannu da suna, Vmobile, Celtel, Zain, har ya zama Airtel a 2010. Etisalat da ya shigo a 2008 ya kasa biyan bashin dala biliyan 1.2 na bankuna 13, ya koma 9mobile a 2017. Ƙanana irin su Starcomms da Multi-Links sun shuɗe, MTN ya haɗiye Visafone. Kuma da tsadar dizal da faɗuwar naira suka matse su, sun sami kujerar zama da hukuma, a Janairun 2025 aka amince musu su ƙara farashi da kashi 50. Inda katanga take da tsawo, masu gasa kaɗan ne, ribar na da kauri, kuma suna da bakin magana.

Aiki fa? MTN na Najeriya yana da masu layi sama da miliyan 80, amma ma'aikatansa na dindindin ba su kai dubu uku ba. A 2014 ya miƙa ƙarafan sabis ɗinsa ga kamfanin IHS. Masu gadin ƙarafan, masu zuba musu dizal, masu amsa kiran kwastoma, yawancinsu a hannun 'yan kwangila suke. Ainihin taron da wayar salula ta ciyar a waje yake: masu sayar da kati da data, masu caji, masu gyara, masu kayan waya a Farm Centre da titin Beirut, da takwarorinsu na Ikeja.

Akwai wata sana'a da nake so ka riƙe a ranka, don kakar taka ce. Wajen 2002 zuwa 2005, kowace kwana a birni za ka ga lema mai launi, teburin roba, kujera biyu, da waya ɗaya ko biyu. Ka zo ka karanto lamba, yaro ya danna maka, ya zuba wa allon ido yana ƙirga minti, ka gama ka biya. Akwai wani matashi kusa da gidan da nake haya a lokacin, da wannan lema ya yi aure. Shekara ba ta zagayo ba lema ta zama biyar a layin, kuɗin minti ya yi ta sauka. Abin da ya kashe sana'ar kuwa ba maƙwabtansa ba ne. Waya ce ta yi araha, kowa ya sayi tasa, aka wayi gari ba mai bukatar lemar kowa. Shi dai Allah ya taimake shi, tun kafin nan ya fara koyon kwance waya a wurin wani, da wannan ya tsira.

Banki ma hanyar da ya bi ke nan. A ranar 6 ga Yulin 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25, namu na Bank of the North ya narke cikin Unity Bank. A 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin wasu bankuna, aka zuba naira biliyan 620 don ceto su, sallamar ma'aikata ta biyo baya. Ina ciki a waɗannan shekaru. A reshen da na yi aiki, na ga yadda aka riƙa cike gurbin masu karɓar kuɗi a kanta da yara masu difloma waɗanda wani kamfanin kwangila ya kawo. Kaya iri ɗaya muke sawa, ƙofa ɗaya muke shiga, su ne ma ke fara zuwa su ne ƙarshen tashi, amma albashinsu bai kai rabin na wanda suka gada ba, kuma ba ƙarin girma. Akwai wata yarinya da ta yi shekara shida a kanta ɗaya, ko sisi bai taɓa ɓata a hannunta ba, ranar da kwangilar ta ƙare da saƙon waya aka sallame ta. Har yau abin yana ci mini rai. Ƙididdigar hukuma ta wajen 2019 ta nuna ma'aikatan bankunan ƙasar duka sun ɗan haura dubu ɗari, kuma sama da kashi 40 cikinsu 'yan kwangila ne. Ka auna wannan da yawan masu gama jami'a a shekara ɗaya, za ka gane dalilin da takalminka ya gaji.

Daga nan aka haifi sana'arka. Buɗe reshe tsada gare shi: gini, janareta, 'yan sanda, motar kuɗi, albashi. A 2013 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki, a 2018 aka kafa shirin SANEF don yaɗa su, sannan kamfanoni irin su OPay, Moniepoint da PalmPay suka cika gari da na'urori. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya sa kowa ya ga masu POS suna kwasar caji, kowa ya ce shi ma bari ya shiga. Abin da ya faru a zahiri shi ne aikin da reshe yake yi da gininsa da ma'aikatansa an sauke shi a kanka. Kai ne ginin, kai ne mai gadi, kai ne motar kuɗi, kuma jarin yayanka ne ake juyawa.

Bari mu yi lissafi da lambobinka. A ce, misali, mutum 140 ne ke cirar dubu biyar-biyar a layinku kullum. Lokacin da kake kai kaɗai, naira 75 sau 140, ka tashi da 10,500. Yau ku bakwai ne, kowa ya sami mutum 20, ka tashi da 1,500. A ciki za ka sayi data da takardar rasit, ka yi caji, ka biya kuɗin mota zuwa neman tsabar kuɗi, wani lokaci ma sayenta za ka yi a gidan mai ko wurin 'yan kasuwa, ga masu karɓar haraji. Alat ɗin ƙarya guda ɗaya na dubu biyar ya cinye maka wahalar fiye da kwana uku. Yanzu juya ka dubi ɓangaren kamfani: naira 25 sau 140, 3,500 jiya, 3,500 yau. Ko wurinka kwastoma ya zo ko wurin maƙwabcinka, nasa bai taɓu ba. Hasali ma ƙaruwarku ita ce ribarsa, domin kowace sabuwar na'ura tana toshe wa abokin gasarsa ƙofa. Idan ɗayanku ya ji zafi ya karya caji zuwa 70, gobe dole kowa ya bi, a bar muku 45, kowa ya koma gida da 900, kamfani yana nan da 3,500 ɗinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga kuma ƙa'idoji da ake saukowa da su ba tare da an tambaye ku ba: rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da aka wajabta a 2024, harajin naira 50 a kan taransfar dubu goma zuwa sama da ya hau kan waɗannan kamfanoni a Disambar shekarar, da iyakar naira dubu ɗari ga kwastoma ɗaya a rana.

Wannan ita ce gasa ta biyu, wadda ba ta da katanga ko kaɗan. Kayanku iri ɗaya ne, dubu biyar ɗinka ba ta fi ta maƙwabcinka ƙamshi ba, kuma duk mai ɗan jari da tebur zai iya zama na takwas kafin Juma'a. A irin wannan fage riba takan yi ta sauka har ta tsaya daidai inda mutum zai ce gara wannan da zaman banza. A ƙasar da zaman banza ya yi yawa kuwa, wurin tsayawar nan ƙasa yake ƙwarai. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ka tambayi ɗan adaidaita sahu, labarinku ɗaya. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta fara kawo baburan a Kano don ɗaukar mata. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, dubban matasa suka koma kansu, masu kuɗi kuma suka mayar da sayen babur hanyar ajiya. Balas ɗin mai babur a tsaye yake, ko an samu ko ba a samu ba. Kuɗin mai ba a hannun direba yake ba, ka ga abin da ya faru tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Abin da ya rage masa shi ne fasinja, shi kuma babura biyar ke masa hon a lokaci ɗaya. Yajin aikin da direbobin suka yi a Fabrairun 2021 a kan harajin naira 100 na kullum, da na Janairun 2022 a kan kuɗin sabunta lamba, ya ba mutane da yawa mamaki, wai naira ɗari ce za ta tsayar da gari. Wanda ya san abin da ke saura a aljihun direba bayan balas da mai bai yi mamaki ba.

Me ya sa kowa ke tururuwa zuwa waɗannan sana'o'i? Domin ƙofar da ya kamata ta ɗebi taron a rufe take. A ƙasashe irin su Koriya ta Kudu da China, mutane daga gona masana'anta suka shiga, suka yi shekaru suna karɓar albashi, sannan hidima ta bunƙasa a kan wannan albashi. Mu ma mun fara bin hanyar. Wanda ya san unguwannin masana'antu na Bompai da Sharada da Challawa a shekarun 1980, ko Kakuri ta Kaduna lokacin da masaƙu ke tashin ma'aikata, ya san irin cincirindon kekuna da ke fitowa idan an busa. Rashin wuta, tsadar kayan gyara da kwararowar atamfar waje suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya, har masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. Daga nan muka riƙa tsallakowa daga gona kai tsaye zuwa bakin titi. Ka lura da wani abu a nan, don shi ne gishirin maganar. Buhun riɗi daga Dawanau zai iya tafiya har Turkiyya ko Japan ya jawo kuɗi daga waje. Aski da POS da adaidaita ba su da kasuwa sai aljihun unguwa. In ba wanda ke shigo da sabon kuɗi unguwar, kuɗi ɗaya ne ke zagayawa tsakanin mai shayi da mai aski da kai, kowa yana gutsura. Ko manya ba su tsira ba: babban kantin Shoprite da aka buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 ya rufe reshen Kano a Janairun 2024.

Duk da haka ba zan ce maka gasar ba ta amfani kowa ba. Tsohuwar da da sai ta hau mota biyu ta yi layin awa uku kafin ta karɓi abin da ɗanta ya turo, yau da takalmin gida take fitowa ta karɓa a wurinka. Wannan alheri ne na gaske, kuma ta hannunku ya zo. Matsalar dai kai ne ke biyan kuɗinsa.

Batun haɗuwa ku tsayar da farashi, ban ba ka shawara ba. Na farko, doka ta hana. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta wa masu sana'a ɗaya su haɗa baki a kan farashi, kuma a Yulin 2023 da ƙungiyar wakilan POS ta AMMBAN ta fitar da farashin bai ɗaya a Legas, hukumar ta fito ta gargaɗe ta. Na san za ka ce ai kamfanonin waya tare suka ƙara nasu, kuma ina jin zafin wannan bambanci kamar yadda kake ji. Na biyu, ko ba doka abin ba zai ɗore ba. Ku tsayar da 150 yau, gobe na takwas ya kafa teburinsa yana karɓar 100, ko ɗaya daga cikinku ya riƙa rage wa mutanensa a ɓoye. Sarkin pawa da sarkin aska na da sun iya riƙe farashi ne saboda su ke riƙe da ƙofar shiga, sana'ar gado ce, sai an koya, sai an yarda da kai. Ku ba ku da ƙofar da za ku rufe. Kuma fushin da kake yi da maƙwabtanka, zomo ne ke fushi da maratayi ya bar makashi. Su ma yayyensu ne suka ba su jari.

Haɗuwar da za ta amfane ku daban ce. Ku yi adashi don ƙarfafa jari, wanda tsabar kuɗi ta yi masa yawa da yamma ya musanya da wanda tasa ta ƙare, ku daina biyan wani a waje. Ku riƙa sanar da juna fuskar masu alat ɗin ƙarya da masu katin sata. Ku haɗa kuɗin mai gadi. Ku je ƙaramar hukuma da murya ɗaya ku nemi a rubuta muku abin da ya wajaba ku biya da wanda zai karɓa, da rasit. Duk wannan halal ne a doka, kuma yana rage abin da ke fita daga 1,500 ɗin nan.

Sai dai in gaya maka gaskiya, ƙanina, gyaran ɗaki ne a gidan da ruwa ke ci. Dubi mai shayin layinku, dubi mai kayan miya, ka ga lambar asusu a rubuce jikin kwali. Duk wanda ya tura wa mai shayi ɗari biyar kai tsaye, mutum ne da da sai ya biyo ta wurinka. Cirar kuɗi ba za ta mutu gobe ba, musamman a ƙauyuka da ranakun kasuwa, inda banki ke da nisa kuma hatsi da dabba sai da tsaba. Amma a cikin birni tana bin sawun lemar da na ba ka labari.

Tambayar da nake sa duk wanda ya zo wurina ya yi wa kansa ita ce: mutum nawa ne za su iya kwaikwayon abin da nake yi cikin mako ɗaya? Kwanakin baya na kai wayata gyara Farm Centre, na zauna kusan awa biyu ina kallo. A bakin rumfar yara sun fi goma suna sayar da gilashin allo da rigar waya, kowa na jan hannun mai wucewa, ana ciniki a kan naira ɗari. A can ciki wani mutum ne zaune, ya sunkuya kan madubin ƙara girma, bututun iska mai zafi a hannun dama, ɗan hantsaki a hagu, yana ɗaga wani abu da bai kai ƙwayar gero ba daga jikin faifan waya. Ko kai bai ɗaga ba. Wayoyi ne jere a gabansa, kowacce da takarda manne, wasu ma masu gyara ne 'yan uwansa suka kawo masa bayan sun gagare su. Da ya faɗi kuɗinsa ba wanda ya taya. Kasuwa ɗaya, rufi ɗaya, amma shi ya gina wa kansa katanga da shekarun da ya yi yana koyo.

Kai ma kana da tubalin taka, ka ajiye shi a akwati. Digirin akanta gare ka, a garin da ke da Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari. Na shiga shagunan da ke juya miliyoyi a mako, lissafinsu duka yana cikin kan maigida da wani littafin makaranta da ya sha maiƙo. Bai san nawa yake bi ba, bai san wane kaya ke kawo riba wane ke kwana ba, in yaron shago ya yi ɓarna sai bayan shekara a gano. Yanzu kuma ciniki ya koma taransfa, banki na neman bayanan shige da fice kafin ya ba da rance, ga sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025. Waɗannan mutane suna bukatar wanda zai tsara musu littafi, ya yi musu rajistar CAC, ya daidaita abin da ya shigo asusu da abin da ya fita daga sito. Ba za su kai wa babban ofishin akantoci ba, tsada da rashin sabo ba za su bari ba. Wanda suka sani za su ba, wanda aka san gidansu. Ɗan kasuwar da ya buɗe maka littafinsa ya buɗe maka cikinsa, ba zai bar ka don wani ya rage masa naira ɗari ba. Sannan ka sa jarabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ANAN a gaba, da digirinka akwai darussan da za a ɗauke maka.

Kada ka rufe teburin yanzu. Shi ne ke haɗa ka da masu shagunan layinku kullum, ka san wanda ke kawo kuɗi da yamma, ka san wanda cinikinsa ke tafiya. Fara da biyu ko uku daga cikinsu, ka yi musu wata ɗaya a kan ɗan abin da ya sauƙaƙa, su ga bambanci da idonsu. In ka ɗora yaro ko yarinya a kan teburin, ka ji tsoron Allah a hakkinsu. Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira dubu 70 da aka yi a Yulin 2024 ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma kai ka san zafin a sauke maka asara a kai. Ku yi yarjejeniya a rubuce, a fayyace wanda zai ɗauki asarar alat ɗin ƙarya, kada ka mayar da su abin da aka mayar da kai.

Kafin komai, ka fara da littafin kanka. Daga gobe har kwana 30, ka ja layi biyar a takarda: mutum nawa suka zo, nawa ka karɓa na caji, nawa kamfani ya cire, nawa ka kashe har da kuɗin mota da ruwan leda, da asarar da ta faru. A ƙarshen wata ka cire wa kanka albashin da za ka biya wani in shi ya zauna a wurin, abin da ya rage shi ne ribar jarin yayanka. Ka kai masa takardar ku duba tare, sannan ka turo mini ita in gani.